Gonar da Ba a Shiga da Sanda

Sunansa na gaskiya ya ɓace tun yana yaron gareji. Tukuna ake ce masa, da furfura ta fito aka ƙara masa Baba. Direba zai zo a gaggauce, mota cike da kaya, ya ce a ɗan ɗaure masa kaza ya wuce. Shi kuwa sai ya kara kunne a jikin inji ya ce, “Tukuna.” Noti ya ƙi kwancewa, yara su rarumo guduma, ya ce, “Tukuna.” Ya ɗiga masa baƙin mai, ya tafi ya sha shayinsa, ya dawo ya murɗe shi da hannu ɗaya. Iyakar iliminsa ke nan a duniya: ƙarfen da aka kwance da duka, gobe za ka tarar haƙoransa sun cinye. Bai taɓa tara yara ya yi musu wa'azi a kan haka ba. Wanda ya gani ya ɗauka, wanda bai gani ba ya ci gaba da fasa yatsunsa.

Da gwiwoyinsa suka gaji da rarrafe a ƙarƙashin manyan motoci, sai ya bar wa babban yaronsa garejin, ya koma wani ɗan fili da ya daɗe da mallaka a bayan gari. Ba gonar neman riba ba ce. Mai tafiya a hankali ma zai zagaye ta kafin shayinsa ya huce. Ya yi shinge da tsofaffin ƙarafan bodin mota, ya tsaga tankin mai gida biyu, ya wanke shi har ya daina wari, ya zama wurin shan ruwan dabbobi. Kaji suka samu ɗaki a cikin gawar wata ƙaramar bas, suna ƙwai a inda fasinja ke zama. Tattasai da tumatir a cikin tayoyi, bishiyar gwaiba ɗaya a tsakiya. Akuyar da ta fi kowa kuka ya sa mata suna Hon. Zakaran da ke tsayawa a ƙofar bas yana hana kowa shiga, shi ne Kwandasta.

Matarsa, wadda shi da yara duk Inna suke ce mata, mace ce mai saurin hannu da saurin baki. Ba ta taɓa zama wuri ɗaya har kujera ta yi ɗumi ba.

“Mutane na barin aiki su huta,” in ji ta, “kai ka bar aiki ka zama yaron akuya.”

“Ita aƙalla ba ta cewa in yi sauri.”

“Don ba ta da baki ne, Malam. Da tana da shi da ka ji.”

Yadda yake koya wa dabba abu ba shi da wani asiri. Akwai 'yar ƙaramar sifana a aljihunsa na dama, da dusa a na hagu. Dabba ta yi abin da yake so, ko da rabinsa ne, sai ya buga sifanar a kan ƙarfen bel ɗinsa, ƙwal, ya miƙa mata ɗan dusa a tafin hannu. Ta yi wanda ba ya so, sai ya kau da kai kamar bai gani ba. Shi ke nan. Da haka Hon ta koyi hawa kan taya ta tsaya cak a tatse ta. Da haka kaji suka koyi shiga bas da kansu in rana ta yi sanyi. Ana daɗewa, ba ƙarya. Amma wanda ya bar aiki ba ya rasa lokaci.

Jakin ya zo ne daga baya. Wani mai yashi ne ya biyo ta ƙofar gonar da amalanke, jakin ya durƙushe a tsakiyar hanya ya ƙi tashi. Mutumin ya sauko da wata kakkaurar sanda ya hau shi da ita. Baba Tukuna ya ji ƙarar dukan daga cikin bas, inda yake kwasar ƙwai. Ya fito, bai ce wa mutumin ka ji tsoron Allah ba, don ya san an sha faɗa masa. Sai ya koma ya turo wani injin ban ruwa da ya gama gyarawa, ya ja igiya, injin ya tashi bugu ɗaya.

“Musaya,” ya ce.

Mai yashi ya dubi inji, ya dubi jaki, ya kwance igiya da sauri kafin tsoho ya dawo hayyacinsa.

Bayan jakin duk miki ne, kunne ɗaya a yage. In ya kafe a wuri, ko mutum nawa ne ba sa motsa shi, don haka aka sa masa suna Birki. Da farko Baba Tukuna bai ko taɓa shi ba. Yakan kifa bokiti nesa da shi, ya zauna a karkace, ba ya fuskantarsa, ya kunna rediyo ƙasa-ƙasa. Gobe ya matso da bokitin kaɗan. Inna takan leƙo ta ce, “An ba ka labarin ko har yanzu gaisuwa kuke?” Sai da damina ta kusa fita sannan Birki ya miƙo wuya ya lashi dusa daga hannunsa, ya koma baya da sauri kamar ya yi sata.

A cikin kwanakin nan ne wata safiya Inna ta shigo da manjagara a kafaɗa za ta tara ganye. Birki na hango dogon icen ya zabura ya bugi shinge da ƙirji har ya fasa leɓe. Ya tsaya a kusurwa jikinsa na ɓari, fitsari na zuba. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma ma gudu yake yi.

A ranar Baba Tukuna ya ɗauko zarto. Ya rage ƙotar manjagara ta dawo kamar tsawon hannu. Ya rage ta shebur. Gorar da ake kakkaɓo gwaiba da ita ya ba maƙwabta. Ya walda ƙugiya a jikin ƙofar gona ta waje, ya kafa doka: ba a shiga da sanda. Abokinsa Dogo, tsohon direban tanka da ba ya rabuwa da lema, shi ma a nan yake rataye ta.

“Ko gidan gwamna ba a karɓe mini lema,” in ji Dogo.

“To je ka can ka sha shayin.”

Likitar dabbobi, wata yarinya mai natsuwa da ke zuwa duba mikin, ita ce ta faɗa masa gaskiya. Ta ce, “Baba, ɓoye masa sanda ba magani ba ne. Duniya cike take da sanduna. Yadda ka koya masa hannunka, haka za ka koya masa ita.”

Ya san ta yi daidai. Amma ya tuna fitsarin nan da ɓarin jikin, ya ji ba zai iya sake jawo masa su ba. Ya ce, “Tukuna.”

Wannan tukunan ce ta yi shekaru.

Shekaru ne masu daɗi kuwa, ba wanda zai ce ba haka ba. Miki ya warke, gashi fari ya fito a wurin. Birki ya koyi ɗaga ƙafa a yanke masa kofato ba tare da an ɗaure shi ba. Yakan ja 'yar amalanken taki daga turke zuwa tayoyin tattasai, ba linzami, ba tsawa, tsoho na gaba yana biye. Jikoki in sun zo hutu sukan hau shi bibbiyu, shi kuwa ya yi ta tafiya kamar mai ɗauke da ƙwai. Da la'asar Baba Tukuna kan zauna a gindin gwaiba, Dogo na ba da labarin hanyoyin da ya bi da waɗanda bai bi ba, Inna na faɗa da Hon a kan shanya, Birki ya zo ya ɗora masa haɓa a kafaɗa ya lumshe ido. Inna kan ce nauyin kan jakin nan ne ya ranƙwafar da mijinta, ba tsufa ba. Ta saba shara a sunkuye da guntuwar manjagara, tana yi tana mita, amma ba ta taɓa sa mata sabuwar ƙota ba.

Gwiwar dama ce ta fara ba shi kunya. Ya ɓoye iya ɓoyewa. Yakan dafa shinge, ya dafa tanki, ya dafa wuyan Birki, har ya kai inda za shi. Wata safiya gwiwar ta ƙage tun daga ƙofar ɗaki. Akwai wani guntun bututun ƙarfe a jingine a nan, ya ɗauka ya dogara, hankalinsa duk yana kan zafin. Shi da ya kafa dokar, shi ya manta da ita. Ya wuce ƙugiyar bai ko dube ta ba.

Birki na shan ruwa. Ya ɗago kai ya ga mutum a ƙofa riƙe da dogon abu. Bai tsaya duba fuska ba. Hanyar fita ɗaya ce, tsohon kuma yana tsaye a cikinta. Kafaɗar jakin ta ɗauke shi, ya faɗi a kan bakin tankin, ƙashin ƙugunsa ya karye.

A asibiti aka sa masa ƙarfe. Dogo ya zo dubiya, ya tsaya a kansa ya ce, “Yau bakanike ya shiga hannun bakanike. Ina fata dai sabon kaya suka sa maka, ba kwance ba.” Likita ya ce zai yi tafiya, amma shi da sanda sai mutuwa. Aka kawo masa ita, ta ƙarfe mara nauyi, da roba a gindi, aka jingine ta a jikin gado.

Babban ɗansa, wanda suke kira Babba, ma'aikacin ofis ne, ba mugu ba ne. Shi ya kwana biyu a zaune a barandar asibiti. Da ya ga mahaifinsa ya fara cin abinci, sai ya jawo kujera.

“Baba, na yi magana da wani mai bulo. Yana neman jaki.”

Baba Tukuna ya san abin da jakin mai bulo ke ci, ya kuma san abin da ke cinsa. Ya ce, “Ba laifinsa ba ne.”

“Laifin ko na wane ne, ƙugunka ne ya karye. Yanzu ba ka tafiya sai da sanda, shi kuma ba ya ganin sanda. Ɗayanku ne zai bar gonar nan, ni kuwa uba ɗaya gare ni.”

Tsoho ya buɗe baki zai faɗi kalmarsa, sai ta ƙi fita. Ita ce ta kwantar da shi a gadon nan.

Inna ce ta yi magana daga inda take naɗe kayan wanki. “Ka bari a sallame shi. Ya shiga da sandarsa kana kallo. In jakin ya zabura, ni zan riƙe maka igiyar ka kai wa mai bulo.”

Babba ya ce, “To. Amma ranar ce, Inna. Ba wata tukuna.”

Jinya ta yi tsawo, don ƙashin tsoho ba ya haɗuwa da wuri. Daga gadonsa yana ganin rufin ɗakin wanki da wata bishiya da bai san sunanta ba. Ba zafin ƙugun ne ya fi damunsa ba. Ya koya wa jakin nan ɗaga ƙafa, ya koya masa jan amalanke, ya koya masa haƙuri da jikoki, ya bar abu ɗaya da zai cece shi. Don tausayi ya bari, tausayin kuma shi zai mayar da shi ƙarƙashin sanda. A gareji da ya ga yaro ya rufe ɗigon mai da tsumma maimakon ya gyara, da ya sa shi ya sake kwance injin.

Kullum in Inna ta kawo abinci sai ya tambayi Birki.

“Yana nan yana cin harawarsa. Bai aiko a gaishe ka ba.”

Wata rana ta ɗauki sandar asibitin ta ce za ta kai a ƙara mata roba, wai wannan za ta yi santsi. Ba ta dawo da ita ba. Masu koya masa tafiya suka ara masa wata. Wata rana kuma, tana zuba masa shayi, ba ta dube shi ba, ta ce, “Wannan 'yar sifanar taka, kafin a ba da dusa ake bugawa ko bayan an bayar?”

“Kafin. Daidai lokacin da ya yi abin. In kika makara, kin biya shi ladan wani abu daban.”

“Ni tambaya kawai na yi.”

Ya dubi hannunta, ya ga dusa a ƙarƙashin farce. Ya ci gaba da shan shayinsa. Ya san matarsa: in aka yaba mata a tsakiyar aiki, ajiyewa take yi. Kuma bai sa rai sosai ba. Macen da ba ta iya jiran ruwa ya tafasa, ina ita ina jiran jaki.

Ranar sallama da hantsi Babba ya kawo shi a mota har ƙofar gona. Inna ta riga su. Ta miƙo masa sandarsa, robar nan dai ce ta da, sai dai ga alamun haƙori a jikinta. Ya fito da ƙyar, ya taka zuwa ƙofa, hannunsa da kansa ya ɗaga sandar zai rataye a ƙugiya.

“Da ita za ka shiga, Baba,” in ji Babba.

Ya shiga. Tattasai ya yi ja ba a tsinke ba, Hon ta yi kukanta, Kwandasta ya sauko daga bas. Birki na gindin gwaiba. Ya ɗago kai, kunne mai lafiya ya miƙe, yagaggen ya biyo baya. Fatar kafaɗarsa ta yi rawa. Ya ja da baya taku ɗaya.

Baba Tukuna ya ji Babba ya matso bayansa, a shirye ya tare shi. Sai ya yi abin da ya iya: ya juya a karkace, ya sauke ido, ya bar sandar a tsaye a ƙasa, ya tsaya. Ƙugun na zogi.

Jakin ya daɗe yana shawara. Sannan ya tako, ya tsaya, ya sake takowa. Da ya rage kaɗan sai ya kafe ƙafafu kamar yadda ya saba, ya miƙo wuya iya tsawonsa, ya ɗora hanci a kan sandar.

Ƙwal.

Daga bayansu ƙarar ta zo. Inna ce ta buga sifana a hannun bokiti.

“Ka ba shi mana,” ta ce. “Yana aljihunka na hagu, tun a asibiti na zuba. Ko so kake ya ce mun yi masa ƙarya?”

Ya sa hannu, ga dusa. Birki ya lashe tas, ya sake taɓa sandar, ya dube shi yana jira. Sannan kamar yanzu ya gane wanda ke riƙe da ita, ya shinshina rigarsa daga ƙasa har sama, ya ɗora masa haɓa a kafaɗa. Sai da Babba ya tallafe shi ta ɗaya gefen, don nauyin ya fi ƙarfin sabon ƙarfe.

Babba ya ɗan jima a haka. Da suka zaunar da tsoho a kan bokiti, ya koma gefe ya kira mai bulo ya ce ya nemi wani.

Labarin yadda aka yi, a gutsure-gutsure ya fito, cikin mita. Ta fara ajiye sandar a kwance can wajen shinge, jakin ya ƙi cin abinci, ta ƙara nisa da ita. Ta zauna a kan bokitin nan tana ɗinkin da ba ya buƙatar ɗinki. In ya kalli sandar bai gudu ba, ta buga, ta ba shi. Ta matso da ita, ta matso, har ya fara zuwa yana taunar robar.

“Ni da ban taɓa zama haka kawai, ba aikin fari ba na baƙi ba,” in ji ta. “Rannan na gaji, na ce ai ya isa, na ɗaga ta sama. Ya kusa tafiya da shingen. Muka koma farko, kamar ba mu taɓa sanin juna ba. Washegari hannuna ya sake kai wa zai ɗaga, sai na ji bakina ya ce tukuna. Har waigawa na yi in ga ko wani ya ji.”

“Na ji yanzu.”

“Ka ji da ƙugunka, Malam.”

Aikin nata ya wuce gona da iri ta wani wajen. Tun daga ranar duk wanda ya shigo da dogon abu, Birki zai bi shi yana dungurin abin da hanci yana jiran lada. Dogo ya samu izinin shiga da lemarsa, sai ga shi da kansa yana rataye ta a ƙugiya, wai gara dokar da, ita ba ta yi masa miyau a lema. Inna ta sa wa manjagara doguwar ƙota, bayanta ya huta.

Baba Tukuna ya ƙara wasu shekaru. Yakan zagaya gonar da safe, sanda a dama, wuyan jaki a hagu, su ukun ba mai gaggawa. Da likitar dabbobi ta zo ta gani, bai jira ta yi magana ba, ya ce mata, “Ke kika faɗa, ita ta yi.” Iyakar jawabinsa ke nan a kan lamarin. A cikin wata damina ya rasu, a ɗakinsa, bayan ya tambayi ko an rufe bas. Allah ya jiƙansa.

Bas ɗin ta ƙara tsatsa, Hon ta mutu ta bar jikokinta, Kwandasta na yanzu bai kai na da tsare ƙofa ba. Babba ya cire ƙugiyar daga waje ya mayar da ita ciki, ƙasa-ƙasa, don Inna ta ce haka take so. A nan sandar take rataye. Kowace safiya Birki, wanda bakinsa ya yi fari, yakan tako ya taɓa ta da hanci, ya juyo yana kallon ƙofar ɗaki. Inna ta fito tana cewa ita ba baiwar jaki ba ce, ta buga sifana a hannun bokiti, ta ba shi.

Babba ya gyara mata ɗaki a gidansa na cikin gari, da fanka da famfo a ciki. Duk zuwan da zai yi sai ya ce, “Inna, yaushe za ki taho?”

Takan dubi gindin gwaiba, ta karkaɗe dusa daga hannunta, ta ce masa tukuna.